Ƙeya Yake Nema

Daga Dadin Kowa na taso da asuba,
kuɗin shinkafar rani ƙunshe a aljihu,
hula ta zauna daram inda ta saba,
shekara tara tana rufa mini asiri.

A Gombe, ɗakin Dakta Yila sanyi kamar cikin randa.
Ya ce, cire.
Na cire. Fitila ta faɗo kan sanƙona tana rawa,
shi ko kallon wurin bai yi ba.
Ya zagaya bayana, ya ce, sunkuya,
ƙeya nake nema.

Na ce, likita, ai gaba ce ta cinye,
baya lafiyarta lau.
Ya ce, me kake nomawa?
Na ce, shinkafa, rani da damina.
Ya ce, ranar dashe ina kake fara leƙawa,
fadamar, ko inda ka yafa iri?
Na yi shiru.

Shekarunka? Talatin da huɗu.
Zubar ta tsaya, ko tana ci?
Na ce, a tambayi matashin kaina,
kullum safiya Dudu sai ta kakkaɓe.
Mahaifinka fa? Kawunnanka?
Suga? Na ce, ɗan kaɗan.
Ya ɗaga takardar gwaji, ya ce, wannan ba kaɗan ba ne.
Taba?
Na ƙura wa fanka ido.

Ya ɗora wani gilashi mai fitila
yana ƙirga saiwa ɗaya-ɗaya, kamar mai bin bashi.
Can yatsansa ya tsaya kan ƙurajen nan
da askar Bappayo ta bar mini tun bara waccan,
masu tauri kamar tsakuwa cikin tuwo.
Ya ce, fatarka mai riƙo ce,
ba ta yafe rauni,
in an tsaga ta sai ta rama da tudu.

Gashi ba ƙera shi muke yi ba, in ji shi,
ƙaura muke masa.
Wanda na cire nan, nan ba zai sake tsirowa ba,
kuma rumbunka bai kai rabi ba.
In na dasa yau, zaizaya ba ta gama ci ba,
nan da shekara biyar sai ka ga tsibiri a goshi,
bayansa rairayi.
Ba yanzu ba. Wataƙila ma ba gaba ba.
Ka kwantar da sugar, mu yi maganin ƙeyar,
bayan girbi ka dawo mu sake ƙirge.

Raina ya ɓaci.
Na zo da kuɗi a hannu, mutum ya ƙi miƙo nasa.

Sai ya juyo mini da kwamfuta:
tsakiyar kaina, an ɗauko ta daga sama,
wurin da nake yawo da shi ban taɓa gani ba.
Wallahi kan Baffa ne.
Haka nake hango shi in ya duƙa cikin taɓo,
ina tsaye bisa kunya da ƙunshin iri,
gumi na ƙyalli a wurin,
har da ɗan lotsawar nan ta hagu.
Bana shekara shida da muka kai shi makwanci.

A mota hular tana kan gwiwata,
iska na shafa inda ba ta saba ba.
Ina lissafin injin ban-ruwa da kuɗin zai saya.
Har muka wuce Kwadon kaina a buɗe.
Da na hango rumfar mai shayin unguwarmu
na mayar da ita.