Fentin da Ba a Gani

Shekara arba'in da ɗaya ina fentin jiragen ruwa a Aveiro,
ni Amandio, ɗan mai kwasar gishiri.
Karatuna guda ne:
ƙarfe tsirara ba ya kwana lafiya a teku.
Ba shi wata uku, ya yi jajawur,
ya fara zubar da ɓawo kamar busasshen kifi.

Ran da tsani ya yaudare ni, ƙuguna ya ce ƙaras,
Likita Leonilde ta zo da wani abu a tafin hannu,
kai kamar ƙwan agwagwa, ga doguwar wutsiya.
Ta ce, wannan za mu dasa maka.
Na ce, 'yata, jini ruwan gishiri ne,
na lashi nawa ba sau ɗaya ba a bakin aiki.
Wa zai shiga cinyata ya kankare tsatsa?

Ta yi dariya, ta miƙo min wutsiyar.
Fara ce, kaushi-kaushi, kamar harshen kyanwa.
Gari ne, in ji ta, irin wanda ƙashi ke gina kansa da shi,
an narka shi a wutar da ta fi ta maƙera nesa ba kusa ba,
an fesa wa ƙarfen, kaurin gashi biyu.
Jiki ba ya son baƙo,
yakan kewaye shi da tabo, ya hana shi gaisuwa.
Amma in baƙon ya sa rigar 'yan gida
sai ƙashi ya matso, ya shinshina,
ya zura saiwoyi cikin ramukan, ya riƙe gam.

Na goga babban yatsa a kai
yadda nake gwada shafin fari kafin na biyu.
Ba ɗigo.
Ba inda hannu ya yi gaggawar tashi aiki.
Na ce, wa ya yi?
Ba ta sani ba. Wani ne can a masana'anta,
mai safar hannu da takunkumi.
Lamba kawai aka buga a kwali.

Haka sana'ar take.
Cikin duk waɗanda suka dawo daga kamun kifin arewa
jirginsu bai yi yoyo ba,
wa ya taɓa tambayar sunana?

Yau wata bakwai.
Sandar tana bayan ƙofa, gizo-gizo ya yi mata hula.
Ermelinda na mita wai na cika sauri a kan gada.
Da sanyin asuba yakan ɗan yi min magana, ban musa ba,
amma a hoton asibiti na duba, na sake dubawa,
ban ga inda na ƙare shi ya fara ba.

Jiya a tasha na ga yaro kwance ƙarƙashin jirgi
yana shafa jan fenti, yana duba agogo.
Na ce, kai, kar ka tsallake lungu,
gishiri ta lungu yake shiga.
Ya harare ni.
Na dafa ƙugu na wuce,
ni da aikin wani da bai tsallake ba.