Takwas Ban da Uku

Takarda ta zo daga Yamai:
adireshi takwas, naku ne, ku sa hannu.
Hajo ma'aji ta ƙirga da yatsu,
ta ce, "Takwas muka biya."
Na ce, "Biyar za ki gani."

Na farko sunan gida ne, ba mai kwana a cikinsa.
Na ƙarshe na sanƙira ne,
in ya buɗe baki kowa ya ji.
Ɗaya na mai tsaron ƙofa.
Ba ni na yi rabon ba, Hajo, haka na tarar.
Ta dube ni kamar wanda ya danne mata tiya.

Bayan isha'i sai ni da ruta,
a ɗakin da warin albasa ya riga mu shiga.
Suwici na ƙyafta idanu ashirin da huɗu.
Na ja shinge a cikinsa:
sikeli can, lissafi nan,
kada akuyar wani ta ci dusar wani.

Ɗaya na ba kyamarar sito.
Ɗaya na ba injin da ke riƙe bashin manoma,
buhu nawa daga Galmi, nawa daga Tamaske.
Ɗaya na wayar ofis.
Sauran ma'aikata su taru su fita da suna ɗaya,
kamar 'yan gida guda a wurin gaisuwa.
Na biyar na ajiye. Ban san don wa ba.

Ɗari biyu da arba'in da takwas ya kamata in rubuta.
Sifili na sa.
Sa'a biyu ina ƙwanƙwasa ƙofar da ni na toshe.
Da na gano, na gyara, ina miƙa,
sai kuran ya tafi
ban ce wa ruta ta riƙe ba.

Almu mai gadi ya miƙo shayi na biyu ta taga.
"Ƙarfen ya ƙi?"
Na ce, "Ƙarfen ya yi abin da na ce. Shi ne matsalar."

Ƙarfe ɗaya saura, wuta ta dawo.
Na sake daga bismilla.
Amma daga cikin ɗaki ba a sanin ko ƙofa na buɗuwa,
sai wani ya zo daga waje.
Na kira Zabairu a Abijan,
wana, shekara tara rabonsa da Tawa.
Na karanta masa lambobin, ɗigo bayan ɗigo.

Shiru.
Sai ya ce, "Ga buhuna.
Ga wata mage a kan sikeli.
Wancan Almu ne? Ya tsufa."

Ya daɗe yana kallo, kuɗin wayata na zuba.

Kyamarar sito tana da adireshi,
ko daga bakin teku a same ta.
Shi kuwa in inna ta ce ina yake kwana,
sai in ce Ajame, wajen tasha, wai.

Na adana. Na sake adanawa.
A littafi, gaban na biyar,
na bar wurin suna fari.