Gyangyaɗi a Cikin Jaka

Da la'asar na rufe murfinta a Farin Gada,
tsakanin buhunan dankali da tulin kabeji,
lissafin Tasi'u na ciki, buhu arba'in da bakwai,
da bashin Ladi mai karas da ban gama tarawa ba.
Na ce mata: ɗan gyangyaɗa, yanzu za mu kai gida.

A Rikkos na buɗe.
Fuska baƙi ƙirin.
Fanka na huci a cikinta kamar mai minshari,
'yar fitila na ƙifta ido ɗaya,
na taɓa kowane maɓalli, na kira, na lallasa,
ko uffan.
An ce barci ƙanin mutuwa ne,
ranar dai ƙanin ya ari rigar yayansa.
Na danne maɓallin wuta har numfashin ya ɗauke,
na sake kunnawa, ta tashi garau kamar ba ita ba,
buhu arba'in da bakwai sun bi ruwa.

Gyang ne ya ɗora min wannan manhaja a Dilimi.
Ya ce ba ta kamfani ba ce, aikin gayya ne,
mutanen ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba,
kowa ya zo da fartanyarsa, ya ja kunya ɗaya, ya wuce.
Ba a biyan ko sisi.
Sai dai ranar da ciyawa ta fito,
kai ma mai gona ne.

Washegari ta sake salo.
Na kwantar da ita, na sa a jaka, na hau keke napep,
ashe ta farka ita kaɗai cikin duhu,
tana ta tunani ba wanda ya tambaye ta,
ta shanye batir tas.
Na ciro ta da ɗumi kamar burodin safe.
Duk sanyin Jos, ita kaɗai ke zazzaɓi.

Gyang ya ce a waya: tana rubuta duk abin da ya same ta,
buɗe baƙar taga ka karanta.
Fararen haruffa suka zubo kamar gero daga ɓulallen buhu.
Ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu: na kwanta.
Bayan daƙiƙa tara: an tashe ni.
Wa?
Ta ba ni lamba, ba suna.

Na gwada mata dogon barci,
wanda ake kwashe komai a adana kafin a kashe fitila,
ɗakin da aka ware mata bai ɗauki kayanta ba.
Na sauya mata sabuwar ƙwaya,
allo ya warke, intanet ta kurumce.
Na koma tsohuwar.
Dare uku ke nan, shayi ya huce sau nawa,
Asabe ta leƙo da bargo a kafaɗa:
kai da ita, wa zai kwantar da wani?

Ashe ɗan mitsitsin abin nan ne,
bai kai farcen yatsa ba,
wanda ke haɗa ta da linzami,
na bar shi maƙale a gefenta tun watan azumi.
Linzami na birgima a gindin jaka,
duk ramin da keke ya faɗa a titin Bauchi
sai ya zungure ta: tashi, ana nemanki.

Na zare shi.
Baƙar fuskar kuwa, layi ɗaya Gyang ya ƙara mata,
yanzu a rufewa goma tana dawowa sau tara.
Ta goman ba wanda ya sani tukuna.
Ya rubuta wa masu gayyar, har da sunan ƙirarta,
wani ya amsa daga inda rana ba ta faɗi ba lokacin,
ya ce tasa ma haka take.

Kafin in rufe murfi yanzu sai na adana, sau biyu,
na kuma sayi littafi mai bango ja, Tasi'u ya sa hannu.
Ga ta can kan tebur,
fitilarta na shaƙa, tana saki, a hankali.
Ni ne idona biyu,
ina laluben gefena,
ina ƙirga buhu.