Yaron Kan Akwati

Ranar Talata na sauka a Vale do Freixo, can kudancin Fotugal,
gaban cocin da agogonsa ya gaji ya tsaya.
Na tambayi gidan silima, wani yaro ya nuna da baki:
ga shi can, inda ake jibge buhunan zaitun da tayoyin tarakta.

Haruffa biyu suka rage a goshin ginin,
sauran ruwan sama ya lashe.
An toshe tagar tikiti da bulo,
amma dutsen bakinta ya lotsa,
gwiwar hannun gari guda ce ta cinye shi.

Jaridar da na tono a ma'adanar gunduma
ta ce an buɗe shi a hamsin da ɗaya.
Ermelinda, da ta shekara ashirin tana yagar tikiti,
ta ce jarida ta shara ƙarya:
shekarar da kogi ya tafi da gada ce.
Ita kuwa gada ba ta bar takarda ba.

Ta jawo kundin lissafi daga ƙarƙashin gado,
yana warin kananzir da fitsarin ɓera.
Asabar, mutum tamanin da huɗu.
Lahadi, bakwai sun biya da ƙwai, ɗaya da cuku.
Wata Lahadin babu kallo,
keken mai kawo faifai ya yi faci a hanya,
jama'a suka zauna cikin duhu har ƙarfe goma
suna tari, suna jira,
ba wanda ya ce a ba shi kuɗinsa.

A gindin kowane shafi, layi guda:
"Baltazar, kyauta."
Shekara shida ana maimaita shi.

Na same shi a gidan tsofaffi, bayan asibiti,
bargo a cinya, ido ya yi yana.
Ya ce: 'Yata, lokacin nan rabin garinmu ko bihim ba su sani ba.
Fim kan zo da yaren wasu,
fassara na gudu a ƙasan allo kamar ƙadangare a katanga.
Ni ne ɗan makaranta,
sai a ɗora ni kan akwatin sabulu in karanta da ƙarfi.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Rubutun ya fi bakina sauri, in ji shi,
in ya tsere mini, sai in cike da nawa.
Akwai wani soja da ke ban kwana a tashar jirgi,
na sa shi ya ce zai dawo kafin a yanke alkama.
Bai faɗa ba.
Amma Custódia na zaune a layi na uku,
ɗanta na fagen fama a ƙetaren teku,
kuma daga inda nake ina jin numfashinta.

Ɗan ya dawo? na tambaya.
Ya gyara bargonsa. Ya ce shayina zai huce.

Mutum tara na bi gida-gida,
har da wanzami, har da matar mai gasa burodi.
Ba mai tuna sunan fim ɗin,
amma kowa ya kawo mini zancen alkama,
kalma ba ta sauya wuri ba.

Da na koma Lizbon na nemi faifan, aka haska mini ni kaɗai.
Ga tasha, ga hayaƙi, ga sojan.
Abin da ya ce wa matar:
"Kada ki manta da makullin."

Yanzu ga takardar bincike a gabana, an ja mata layuka:
shekarar buɗewa, yawan kujeru,
sunan mai gida, dalilin rufewa.
Kujeru na ƙirga da ramukan ƙusa a daɓe, ɗari da goma sha biyu.
Akwatin sabulu ba kujera ba ne,
ba shi da gurbi a nan.
Na juya takardar,
na soma rubutu a bayanta.