Bashin Teku

Shekara goma sha tara ke nan, Sewanu,
da ka goya ni a babur ɗinka a Badagiri.
Na gama sauke albasa, jikina duk warin buhu,
ka ce, "Direba, yau ba barci, zo ka ga ruwa."

Muka bi titi, kwakwa a dama, kwakwa a hagu,
iska mai gishiri tana lasar mini leɓe.
Da na ga abin sai na tuɓe takalmi
kamar wanda ya iso ƙofar masallaci.
Kai kana dariya, ni ina jan addu'a, gwiwa na rawa.

Yau ga ka a Kano da furfura da ƙaramar jaka,
ka zo sayen fata, kwana ɗaya gare ka.
Bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Na aro motar ƙanena Tanimu,
wadda sai an ɗaga ƙofarta kafin ta rufu,
na ce hau, yau ni ne mai nunawa.

Dala muka fara, tun rana ba ta yi baki ba.
Ka ƙirga matakala har lissafi ya ɓace maka,
ka zauna kana haki.
Rufin kwano ya malala har inda ido ya gaji,
tsatsa da fari, tsatsa da fari,
hayaniyar gari tana tasowa tana komawa.
Ka daɗe shiru, sannan ka ce, "To, ai ga naku."
Na ce namu ba ya cin mutum.
Ka ce, "Ka tabbata kuwa?"

A Kurmi lungu ya haɗiye mu,
warin jima da kanumfari.
Mai carbi ya kira ka Alhaji, ka amsa,
kai da gicciye ke lilo a wuyanka.
Ka taya jaka, mai ita ya ce albarka,
ka ƙara, ya ce albarka.
Ka juyo: "Addu'a yake mini ko korata yake?"
Na ce duka biyun, haka muke cin kasuwa.

Azahar ta riske mu a cunkoson Kwari,
mota ta yi zafi, ta yi tari, ta mutu.
Ruwan leda huɗu ta sha kafin ta yafe mana.
Muna jira ka ci gurasa bandashe,
yaji ya kama ka, hawaye har haɓa.
Na ce ga ruwan gishirin nan, kai ma ka zo da tsarabar sha'awa.

Ƙofar Mata da la'asar.
Malam Sabitu, hannu shuɗi har gwiwa,
ya tsoma ƙyalle ya ɗago shi kore-kore,
iska ta taɓa shi, ya koma launin da na sani.
Rabin ramukan sun bushe, akuya na kwance a bakin ɗaya.
Ka tsuguna, ba ka dube ni ba, ka ce:
"Inda ka tuɓe takalmi, yanzu kifi ke kwana.
Ya ci kwakwar, ya ci ɗakin tsohuwata,
bara ya fara leƙen makabarta."
Ban sami abin faɗa ba.
Ka tsoma yatsa ɗaya a cikin baba,
Malam Sabitu ya ce, "Baƙo, wannan sai ya yi mako bai fita ba,
ko da sabulu kake cuɗawa."

Magariba a tashar Sabon Gari.
Na ce bashi ya biyu?
Ka ce, "Saura soyayyen kifi biyu da ka ci mini."
Babbar mota ta ja, ka ɗago hannu ta taga,
yatsa huɗu naka, ɗaya namu.

Na zauna a mota, ban tayar ba.
Wayar Tanimu ta shigo karo na uku:
"Yaya, wai kana ina da motata?"
Na ce ina bakin teku, gani nan zuwa.