Dogon da Ya Wuce Ngaundere

A Ngaundere dogo ya ƙare.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗaure masa kusoshi,
na san inda ƙarfen ƙarshe ya tsaya
kamar bijimi a turke,
arewa na gabansa, bai taka ba.

Da na ajiye aiki na dawo Garwa
na auna bayan ɗaki da ƙafa:
taku goma sha tara daga gindin lemo zuwa madafa.
Na ce ya isa.

Ƙarfen tsohuwar taga na miƙe da guduma,
faɗin kwalin ashana tsakanin layi da layi,
don dogo ba ya yafe ko kaurin farce.
Matasansa kirya ce, na yanka kamar yatsu,
na jiƙa su kwana uku a baƙin mai
don gara ta sansana ta ba da baya.
Tsakuwa daga bakin Binuwai, buhu biyu a keke,
na tace da rariyar Dudu.
Har yau ba ta yafe mini rariyar ba.

Gangaren nan da manyan motoci ke kuka a kansa
na tayar da jar ƙasa da fasasshen tubali,
na sauko da layin yana lanƙwasa
kamar macijin da ya ƙoshi.
Wuyan fasasshen tulu ya zama kogo.
Kwatar wanke-wanke ta zama kogi,
na ɗora mata gadar wayar laima.
Tsohon suri na saro na dasa, ga duwatsun Kapsiki.
'Ya'yan tsamiya kuwa ina yi musu aski duk Juma'a
kada su fi ƙasar girma.
Jikata Asta ta kawo giwar yumɓu mai ƙafa biyar,
na ce a bar ta, ba ta tare hanya ba.

Hamajoda ya leƙo ta katanga:
"Malam Barau, tsufa ne ko wasa?"
Na ce miƙo mini filaya.
Tun ranar shi ke riƙe da tuta.

Sai ruwan Agusta, tsakar dare.
Na ji shi a kan kwano, na san aikin da yake yi.
Na fita da tocila, wando a naɗe:
gangare ya zube, layi na lilo a iska,
matasai goma sha biyu sun bi kwata,
giwa ta koma laka.
Na durƙusa cikin taɓo,
kuma Allah ya sani, daɗi na ji.
Rabon da wani abu ya karye ya jira hannuna
tun ranar da na mayar da hular aiki.

Kwana tara ina gyara.
Wannan karon na bar wa ruwa ƙofarsa,
bututun biro shida a ƙarƙashin tudu.
Ruwa baƙo ne, in ba ka nuna masa hanya ba
shi zai zaɓa.

Ran Laraba bayan la'asar na haɗa batirin babur.
Kan jirgin, gwangwanin kifi da injin tsohuwar rakoda,
ya yi tari, ya yi shiru, ya motsa.
Ya shiga tulu ya fito,
ƙadangare ya kauce yana gyaɗa kai,
gada ta yi rawa, ta riƙe.
Ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya
har ƙofar madafa,
inda na kafa ɗan allo na rubuta Marwa,
garin da na auro Dudu
ina cika baki wata rana jirgi zai kai ta gida.

Tarago ɗaya, kaya ɗaya: farin goro.
Ta goge hannu a zani, ta sunkuya ta ɗauka,
ta dubi allon, ta dube ni.
"Ya makara da shekara arba'in," in ji ta.
Ta ɓare goron, ta mayar da rabi cikin tarago:
"A kai wa direba."

Na sauya wayoyin batir.
Ya taho da baya, a hankali.