Telan Bakin Lakwal

Shagona yana duban ƙofarsu,
a Gidar, bayan kasuwar gyaɗa.
Shekara arba'in da ɗoriya ina taka keke,
duk yaron da ya shiga can
na san faɗin kafaɗarsa.

Ranar da Madam Payang ta fara
babu bango, babu benci.
Rumfar kara ce a jikin coci,
yara goma sha ɗaya,
ɗayan ma goyo ne aka bar wa yayarsa.
Allonsu tsohon ƙyaure
da ta shafe da baƙin batir.
Ƙararrawa kuwa wilin motar auduga
da ta mutu a hanyar Figil.
Har yau shi ake bugawa,
har yau ni ke riga su jin sa.

Ta zo min da shuɗin yadi, ƙunshi guda,
ta ce, "Malam Sallau, yanka da yalwa,
za su girma."
Na ce, kuɗi fa?
Ta ce, sai an cire gyaɗa.
Aka cire, ta biya, kwano-kwano,
har da ɓawo.

Ban taɓa zama a aji ba,
amma taga ba ta riƙe sirri.
Ba ta fara musu da Faransanci.
Sai yaro ya faɗi sunan akuya da harshen uwarsa,
wannan da Gidar, wancan da Fulatanci,
ga Mundang, ga Hausa,
sannan ta ce, "To, ga sunanta a bakin Nasara.
Akuya ɗaya, suna biyar,
wa ya fi ku arziki?"

Lissafi da 'ya'yan tsamiya.
Mai shekara tara ya kama hannun mai shida
su ja baƙi tare,
wai wanda ya koyar ya karanta sau biyu.
Bulala tana nan rataye a ƙusa.
Sau ɗaya na ga an sauke ta:
maciji ne ya shigo aji.

Kowane sabon shiga da dashen darbejiyarsa
da gwangwanin ban ruwa.
In ta bushe ba zagi,
sai tambaya ɗaya:
ina kake ranar da ta ji ƙishi?

Da safe suna addu'arsu da waƙa.
Shekara shida ina jin ta ina wasi-wasi
kafin na kai Kuluwa.
A ƙofar masallaci aka ce na sayar da 'ya.
Madam ta ce, "In muna tamu, ta yi shiru ta yi tata.
Ran Juma'a kafin rana ta take zan sako maka ita."
Ba ta saɓa ba.
Kuluwa ce ta fara gano
mai yadi yana cin gumina
sefa ɗari biyu a kowane bandir.

Shekarar da ruwa ya kwashe rumfar
iyaye suka fito buga tubali,
da mai gicciye da mai carbi,
laka ba ta tambayi kowa ba.
Aji uku, sannan shida,
kwanon rufi sai da aka sha jira.

Madam ta rasu daminar bara waccan.
'Ya'yanta suka kawo farin leshi
in ɗinka rigar da za ta tafi da ita.
Ban nemi awo ba.
Hannuna, don sabo, ya yanka da yalwa.
Na daɗe tsaye da almakashi
ina kallon abin da na yi.

Yanzu Mushe Danwe ke riƙe da makullai,
wanda na taɓa ɗinka wa wando
ya kai masa har ƙirji.
Ya kawo injin kwamfuta biyu,
ɗaya tana aiki.
'Ya'yan tsamiyar suna nan cikin kwalba.

Satumba ta ƙarato.
Shuɗin yadi ya cika min tebur,
idona ya rage, jikata ke zura min zare.
Darbejiyoyin nan sun tsallako titi,
da la'asar inuwarsu kan zo har kan kekena,
ban san ko ta wane yaro ce ba.